Ruwa A Ƙirji: Kada Tsoron Ƙarfe Ya Hana Mu Sanin Ciwo

Na san wata daga cikin masu zaune a layin awo za ta ɗauki wannan takarda ta ce, ni da na zo a duba mini ciki, ina ruwana da zancen ƙirjin tsofaffin ma'aikatan kamfani? Ki yi haƙuri ki karanta, Hajiya. A yawancin gidajenmu ke ce mai jinya. Ke kike fara lura cewa maigida ya daina cinye tuwonsa, ko Baba ya koma yin salla a zaune saboda haki. Kuma kamar yadda za ki gani a gaba, akwai wani sashe na maganar da ya shafe ki ke kanki, da mahaifiyarki.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata baiwar Allah daga Fanshekara, mai cikin wata bakwai, wadda ta rako surukinta wurinmu. Dattijo ne da ya haura shekara sittin da biyar. Wata huɗu ke nan yana shan maganin tarin fuka, bai taɓa tsallake rana ba, amma sai ramewa yake yi, ga ciwo a haƙarƙarin dama wanda ke hana shi barci. Sau uku ana zuƙe masa ruwa a ƙirji, sau uku yana dawowa. Na tambaye shi, "Baba, wane aiki ka yi a rayuwa?" Ya ce noma. Sai matar ɗan nasa ta sunkuyar da kai ta ce, "Likita, ai kafin noman Baba ya daɗe a kamfani, Inna ta sha ba mu labari." Ashe ya yi shekara goma sha biyu a ɗakin boila na wata masaƙa, tun daga wajajen 1980, yana naɗe bututun tururi da wani farin abu mai kama da auduga. Masaƙar ma an daɗe da rufe ta. Shi a ganinsa wannan tsohon zance ne da bai kai a faɗa wa likita ba.

Da na ce ina so a leƙa cikin ƙirjin da na'ura a ɗebo 'yar tsoka, sai ɗakin ya yi tsit. Babban ɗansa ya ce a ba su lokaci su yi shawara, domin an gaya musu idan daji ne, ba ya son ƙarfe.

Bari in fara da bayanin inda ruwan yake taruwa. Huhun ɗan Adam yana sanye da wani siririn tantani, sannan bangon ƙirji ta ciki shi ma an shimfiɗe shi da irinsa. Tsakanin tantanin biyu akwai ɗan ruwa da bai wuce cokalin cin abinci ɗaya ko biyu ba, wanda ke sa huhu ya riƙa zamewa ba tare da gogayya ba duk lokacin da muka ja numfashi. Idan ciwo ya taɓa wurin, ruwan nan yana iya kai lita biyu ko uku, ya danne huhu kamar an zauna a kan balan-balan. Daga nan sai haki, da busasshen tari, da nauyi a gefe guda. To ruwan kansa alama ce kawai. Zuƙe shi yana kawo sauƙi na 'yan kwanaki, amma muddin ba a san abin da ke zubo shi ba, zai dawo.

A ƙasarmu babban mai kawo shi shi ne tarin fuka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum rabin miliyan ke kamuwa da shi a Nijeriya kowace shekara, kuma babu ƙasar Afirka da ta fi mu yawan masu shi. Bayansa akwai limoniya da ta yi mugunya, da gazawar zuciya, da ciwon ƙoda ko hanta, da kuma daji, wanda a wurin mata yakan taso daga nono ko ƙwan mahaifa ya gangaro ƙirji.

A nan zan ɗan tsaya saboda ku masu juna biyu. Haki kaɗan a watannin ƙarshe ba abin tsoro ba ne, ɗa ne ya tokare sama. Amma wadda ba ta iya kwanciya sai ta tara matasai, ƙafafu sun kumbura, tana farkawa cikin dare tana neman iska, musamman a makonnin farko bayan haihuwa, wannan ta zo asibiti a ranar. Akwai ciwon raunin zuciya na masu jego wanda ya yi yawa a ƙasar Hausa fiye da kusan ko'ina a duniya. Likitocin Zariya sun yi rubutu a kansa tun shekarun 1970, kuma Farfesa Kamilu Ƙaraye na nan Kano ya jagoranci babban bincike a kansa a faɗin ƙasar nan. Shi ma yana tara ruwa a ƙirji, sau da yawa gefe biyu. Irin wannan ruwa ba ya bukatar a leƙa ƙirji ko kaɗan. Hoton zuciya ne ke nuna shi, magani kuma ke janye shi. Kada kuma ciki ya sa ki ƙi hoton ƙirji idan likita ya ga ya zama dole: ana rufe cikin da rigar kariya, kuma hasken da ke kai wa ga jariri ƙanƙane ne ƙwarai. Sikanin kuwa, irin wanda ake yi miki a wurin awo, ba shi da wata illa, kuma yana ganin ruwan ƙirji sarai. Haka nan ƙwayoyin tarin fuka guda huɗu da ake bayarwa a matakin farko, mai ciki da mai shayarwa suna shan su. Barin ciwon ba magani shi ne haɗari gare ki da abin da kike ɗauke da shi.

Mu koma kan Baba. Me ya sa aka ɗora shi a kan maganin tarin fuka tun farko? Ban ga laifin wanda ya yi hakan ba. Ƙwayar cutar tarin fuka tana da wuyar kamawa a cikin ruwan ƙirji. Idan aka duba shi a madubin ɗakin gwaji, ba a ganinta ko a mutum ɗaya cikin goma na masu ciwon. Na'urar GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2010, gwana ce a kan majina, amma a kan ruwan ƙirji tana kuskure fiye da rabi. Saboda haka likita a garinmu yakan duba yawan ciwon a cikin jama'a, ya ce bari mu gwada maganin, tunda kyauta ne a Asibitin Zana da sauran cibiyoyi. Sau da yawa kuma yana dacewa.

Inda nake da ja shi ne gwajin da ba shi da wa'adi. Ra'ayina, wanda na daɗe ina faɗa wa ƙananan likitoci, shi ne duk wanda aka fara wa maganin tarin fuka a kan zato, aka yi wata biyu bai ƙara nauyi ba, ruwan bai ja baya ba, to a tsaya a sake lale. Wanda kuwa ya wuce shekara hamsin, ruwan gefe ɗaya ne, da jini-jini a ciki, ga ciwo mai ci a haƙarƙari, ga tarihin aikin masana'anta, wannan bai kamata ma a jira wata biyun ba. A nemi tsoka tun da wuri.

Hanyoyin neman amsa hawa-hawa ne. Na farko a zuƙi ruwan da allura a kai wa masu binciken ƙwayoyin halitta. Wannan yana kama daji a wajen mutum shida cikin goma, amma a irin dajin da zan yi magana a kansa yanzu, da ƙyar yake kama uku. Na biyu akwai wata allura mai ƙugiya, ta Abrams, da ake amfani da ita tun 1958, ana yago tantanin ba tare da ana gani ba. Tana da amfani sosai ga tarin fuka, domin shi yakan bazu a ko'ina a jikin tantanin, duk inda ka yago ka samu. Daji kuwa tsibi-tsibi yake fitowa, wanda ya yi lalube cikin duhu yana iya yago wurin da ke lafiya. Na uku shi ne leƙen ƙirji, wanda a likitance ake kira torakoskofi, kuma shi yana ba da amsa a fiye da mutum tara cikin goma.

Ga yadda ake yinsa. Mara lafiya zai kwanta ta gefen da ke lafiya. A yi masa allurar kashe zafi a tsakanin haƙarƙari biyu, a ba shi ɗan abin da zai kwantar masa da hankali, yana numfashi da kansa. A yi 'yar tsaga da ba ta fi faɗin yatsa ba, a zura wani siririn bututu mai fitila da kyamara a bakinsa. A janye ruwan gaba ɗaya, sannan likita ya ga bangon ƙirjin a allon talabijin ƙuru-ƙuru. Tarin fuka yakan bayyana kamar an watsa gero a kan tantanin. Daji yakan zama ƙulli-ƙulli ko kauri mai tauri. Sai a tsinko 'yan tsoka daga daidai wurin da ciwon yake. Yawanci aikin ba ya wuce sa'a guda. Ana barin roba a ƙirji na kwana ɗaya zuwa uku domin iska da sauran ruwa su fita, huhu ya buɗe. Akwai kuma wani nau'in da likitocin tiyata ke yi a cikin cikakken barci, da ƙofa biyu ko uku, idan ciki ya manne da yawa. Haɗari akwai shi kamar kowane aiki: zafi, zazzaɓi, zubar jini ko shigar ƙwayar cuta, amma mai tsanani bai cika faruwa ba. Mai juna biyu ba a cika yi mata ba, sai dole ta kama, kuma sai likitan ƙirji da na mata sun zauna tare.

Wani abin da mutane ba su sani ba shi ne a zama ɗaya ana iya yin magani. Idan likita ya ga alamar daji, yana iya fesa wata hoda ta musamman da aka tace don asibiti, wadda ke manne tantanin biyu, ruwan ya rasa wurin taruwa. Wanda ake kawowa duk bayan mako biyu a soka masa allura ya san darajar wannan.

Kuma aikin ya girmi kakanninmu. Wani likitan ƙasar Suwidin mai suna Hans Christian Jacobaeus ne ya fara shi a 1910, da na'urar leƙen mafitsara. Shekaru da dama ana amfani da shi wajen jinyar masu tarin fuka a Turai, kafin a samu maganin sitireptomaisin a shekarun 1940 a ajiye shi. Zuwan ƙananan kyamarori a wajajen 1990 ne ya dawo da shi da ƙarfi.

Yanzu ga ciwon da nake tsoro a jikin Baba. Sunansa mesoteliyoma, dajin tantanin huhu, kuma mafi yawansa abu guda ke jawo shi, wato asbestos. Asbestos ma'adini ne da ake haƙowa a ƙasa, mai zare-zare, wuta ba ta cinsa, ga arha. Saboda haka aka zuba shi a kwanon rufi, da silin, da bututun ruwa, da birki da kulocin mota, da rigar boila. Idan aka yanka shi ko ya ruɓe ya farfashe, zarensa yana tashi a iska, ido ba ya gani. Wanda ya shaƙa, zaren zai wuce har tantanin huhu ya maƙale, jiki ba ya iya narkar da shi. Sai ya yi shiru na shekara ashirin, talatin, har hamsin.

A 1960 ne likita Christopher Wagner da abokan aikinsa biyu suka bayyana mutum 33 masu wannan ciwo a yankin ma'adinan asbestos na Afirka ta Kudu. Abin lura, da yawa daga cikinsu an daɗe ana yi musu jinyar tarin fuka ba sa warkewa, kuma wasunsu ba su taɓa aikin ma'adinin ba, a kusa da wurin kawai suka tashi. Bayan shekara biyar, a 1965, likita Muriel Newhouse ta bi diddigin masu ciwon a wani asibitin Landan, ta tarar a cikinsu akwai matan da ba su taɓa taka masana'anta ba. Abin da ya haɗa su da asbestos shi ne zama da ma'aikaci da wanke masa kayan aiki. Birtaniya ta haramta shi gaba ɗaya a 1999, Afirka ta Kudu a 2008. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kowane nau'insa yana jawo daji, har da na maƙogwaro da na ƙwan mahaifa, kuma fiye da mutum 200,000 ke mutuwa duk shekara sanadin shaƙarsa a wurin aiki.

To mu lissafa da Kano. Bompai ce tsohuwar unguwar masana'antu, sannan Sharaɗa, sannan Chalawa a ƙasar Kumbotso. A shekarun 1970 da 1980, lokacin da kasuwar ta fi ci, dubban matasa daga Kumbotso, Fanshekara, Sheka, Ja'en da ƙauyukan kewaye suka shiga masaƙu, da kamfanonin jima, da na robobi, da na mai da sabulu. Duk masana'antar da ke dafa ruwa da tururi a wancan zamani, asbestos ne abin da aka saba naɗe bututu da shi. A daidai lokacin kuma ana buga kwanon siminti mai asbestos a cikin ƙasar nan, a Legas, da Inugu, da Bauchi, da nan Kano, kuma da shi aka rufe makarantu da gidajen ma'aikata masu yawa. Saurayin da ya fara aiki a 1980 yana ɗan ashirin, yau ya haura sittin. Shekarun shirun nan sun cika. Su ne iyayenmu da surukanmu. Kuma matar da ta riƙa kakkaɓe kakinsa a tsakar gida kafin ta tsoma a ruwa, da goyo a bayanta, ita ce Inna.

Ba ina cewa duk wanda ya yi aiki a Chalawa ko Sharaɗa zai kamu ba ne. Ciwon ba shi da yawa ko a cikin waɗanda suka shaƙa, kuma a cikin masu ruwa a ƙirji a garin nan, tarin fuka da ciwon zuciya sun fi shi yawa nesa ba kusa ba. Abin da nake cewa shi ne ba a ganin abin da ba a nema ba. Mutum yana iya rasuwa da shi a rubuta cewa tarin fuka ne ya ƙi jin magani, a rufe fayil.

Sai maganar ƙarfe. Na san inda ta samo asali. Mutane sun ga an taɓa wani, bayan wata biyu ya rasu, sai aka ɗora wa wuƙa. Gaskiyar ita ce yawanci an kawo shi ne bayan ciwon ya gama cin jiki. Ba zan ɓoye muku ba, a mesoteliyoma wani lokaci ɗan ƙulli yakan fito a gurbin da aka soka. Amma wannan yana faruwa ko da allurar zuƙe ruwa ce, yana da magani idan ya fito, kuma ba shi ke yanke kwana ba. Wanda ya ƙi ƙofa ɗaya da za ta ba da amsa, yakan ƙare da suka biyar ko shida da ba su faɗa masa komai ba. Abin mamaki, mu da muka saba da ƙahon wanzami da sakiya, mu ne ke gudun tsagar da ba ta kai tasu ba.

Wani zai ce, tunda wannan dajin ba ya warkewa, amfanin me sanin zai yi? Tambaya ce mai nauyi, kuma gaskiya ne cewa mafi yawan masu shi ba sa wuce shekara ɗaya zuwa biyu bayan an gano. Amma ka tuna, sau da yawa leƙen yana fito da labari mai daɗi: tarin fuka ne, ko mugunya ce ta daskare, abubuwan da ake warkewa sarai. Idan kuma dajin nono ne ko wani daban, maganinsa daban. Idan shi ɗin ne, to a daina wahalar da hantar dattijo da ƙwayoyin da ba sa yi masa komai, a manne tantanin, a ba shi maganin ciwo mai ƙarfi yadda zai yi barci. Akwai allurar daji da aka tabbatar tun 2003 tana ƙara watanni, akwai kuma sababbi na ƙarfafa garkuwar jiki da aka amince da su a Amurka a 2020, duk da cewa tsadarsu ta fi ƙarfin yawancinmu. Iyali su daina sayar da gona suna yawon neman mai karya sammu, su daina zargin kishiya ko maƙwabci. Mutum ya samu sarari ya biya bashi, ya yi wasiyya, ya nemi gafara. Sannan Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke kula da ita, ta tanadi diyya kan cututtukan da aka ɗauka a wurin aiki, kuma ba mai sauraron irin wannan buƙata sai da takardar sakamakon tsoka.

Kuɗi kam matsala ne, ba na musu. Na'urar ba kowane asibiti ke da ita ba, masu iya aikin kuma ba su da yawa a ƙasar nan. A ganina garin da ya ci moriyar masana'antu kamar Kano ya cancanci a ce wannan aiki yana samuwa kullum a farashin da ɗan fansho zai iya, kuma masu kamfanonin da ke Bompai, Sharaɗa da Chalawa su ne suka fi cancanta su sa hannu a aljihu. Kafin nan, idan likitanku ya ambaci aikin, ku tambaye shi kai tsaye inda ake yi da abin da zai ci, ku kwatanta da abin da kuka riga kuka kashe a wata huɗu na zirga-zirga.

Game da gidajenku, idan rufinku ko silinku na asbestos ne kuma lafiyarsa ƙalau, ku ƙyale shi, zama a ƙarƙashinsa ba shi ne haɗarin ba. Haɗarin yana wurin yanka shi da zarto, da huda shi, da kankare shi, da farfasa shi. Idan za a sauke, mai ciki da yara su bar gidan, a jiƙa shi da ruwa, a cire shi ɗai-ɗai ba a jefo ba, a goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya. Kada a yi murhu ko akurkin kaji da gutsattsarinsa, kada yara su yi allo da shi. Maigidan da ke gyaran birki a Ƙofar Ruwa ko rushe tsofaffin gine-gine ya canza kaya a wurin aiki, kuma ya bar hura ƙurar birki da baki. Taba ba ta jawo mesoteliyoma, amma idan ta haɗu da asbestos tana ninka haɗarin dajin huhu sau da yawa.

Iyalin Baba sun dawo bayan kwana tara, kuma na ji cewa matar ɗan nan ce ta yi ta lallashin mijinta har ya shawo kan yayansa. An yi aikin, an manne tantanin, sakamakon ya tabbatar da abin da muke tsoro. An tsayar da maganin tarin fuka a ranar. Ya koma gida yana iya kwanciya, kuma ya ga sunan jikansa. Kafin su tafi na ce su kawo Inna a ɗauki hoton ƙirjinta, tunda ita ta yi wankin shekara goma sha biyun nan, kuma ta ce tana ɗan jin haki idan ta ɗebo ruwa. An ba ta ranar Talata.